Wasan da Aka Kai Ni Don In Daina Kuka

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta da ranar da ɗana ya kai ni kallon wasan waƙe-waƙe a Dubai don ya raba ni da kukan mijina ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka surukata ce ke riƙe da biro ina faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, har da wuraren da ba su yi mata daɗi ba.

Shekara arba'in da shida muka yi da Malam. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ɗanmu na fari yana Dubai, yana aikin kula da kwantenoni a Jebel Ali. Da aka kira shi ya roƙi a jira shi, baffanninsa suka ce ba a ajiye gawa don jirgi. Washegari ya iso, ya karɓi gaisuwa idonsa a bushe, ya koma.

Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce "kai" ko "wancan". Ina yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Malam ne bai damu da wannan kunyar ba, shi ke ɗora shi a keke, shi ke hira da shi. Da Malam ya tafi sai muka zama ni da ɗana kamar baƙi biyu da suka rasa tafinta.

Ina fita takaba ya aiko min da biza. A gidansu na Al Muraqqabat, hawa na bakwai, babu kaza, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ya ƙarin haƙuri. Sai na ci gaba da abin da na iya, wato kuka. Ban ɓoye ba a lokacin, yanzu ma ba na ɓoyewa. Shi kuwa da na ambaci Malam sai ya miƙe yana neman makullin mota: "Inna, khalas, ya isa. Addu'a yake buƙata." Madalla. Na yi shekara saba'in ban san addu'a ba sai da na zo Dubai aka koya min.

Saura kwana uku in koma gida, lokacin bikin Kirsimeti, gari duk an rataye shi da fitilu, ya shigo yana murmushi. "Inna, yalla, ki shirya. Yau sai kin yi dariya." Ashe an gano maganin. Matar da ta rasa mijin shekara arba'in da shida, a kai ta inda ake ci ana waƙa, shi ke nan ta warke. Muna idar da magariba muka fita.

Wani babban ɗaki ne a otel, tebura ko'ina, ga dandamali a gaba, ga sanyi kamar mu ne naman da ake gudun kada ya lalace. A gabana cokali mai yatsu har guda uku. Na tambayi surukata ko akwai waɗanda za mu ci tare ne a farantina. Aka kawo miya ba tuwo, na zauna ina jiran tuwon har aka zo aka ɗauke miyar. Sannan aka kawo yanka biyu na naman talotalo, fari fat, ba gishiri ba barkono, irin wanda ake ba mara lafiya. Na kwance ƙullin yajina daga jaka.

"Inna, don Allah," in ji ɗana, yana waige-waige.

Matar da ke kawo mana abincin, wata magidanciya 'yar Ghana, ta sunkuyo ta ce da Hausarsu, "Mma, zuba abinki. In ya rage ki bar mini."

Muna cikin ci suka kashe fitilu, wai mutum ya ci abinci a duhu kamar ɓarawo. Sai wasa ya tashi. Mutanen nan ba sa magana, komai waƙa ne. Mace za ta ce a miƙo mata buta, sai ta ware hannu ta ja murya, mutum goma su fito daga bayan labule su taya ta, butar kuma tana nan inda take. Can sai ga ƙanƙara tana zubowa daga rufi, a garin da ko yayyafi sai an roƙa. Ɗaya ta sauka a hannuna, na murza, kumfar sabulu ce. Na ce to, mun ci abincin asibiti, ga kuma wanki.

Surukata ce ke raɗa min fassara. Labarin wani tsoho ne da ɗansa ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa. Biki ya zo, tsohon ba shi da lafiya, ya sa an ajiye wa ɗan kujera da faranti, ya hana kowa taɓawa. Shi kuma ɗan yana can ƙanƙara ta tare hanya, jirgi ya ƙi tashi, yana ta waƙa da akwati a hannu.

Daga nan fassara ta ɗauke.

"Ke, me yake cewa?"

"Ba komai, Inna. Waƙa ce kawai."

Ƙarya take yi, kuma ga ta nan tana rubutawa. Ba na jin Turanci, amma na san yadda mutum ke yi in yana roƙon a jira shi. Ɗana mai dabara, ya zaɓo min maganin kuka bai tambayi me ke cikin kwalbar ba.

Su dai nasu wasa ne, don haka ɗan ya iso. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, tsohon ya miƙe da ƙafarsa ya buɗe, suka rungume juna, aka yi ta kiɗa da tafi. Haushi ya kama ni. Na ce a raina, ku naku yana jira, namu kafin la'asar an rufe shi. Na jawo gefen mayafina don in fara aikina, sai na ji tebur yana rawa, kofuna suna ƙara.

Na duba. Ɗana ne. Ya cusa ƙyallen goge baki a bakinsa, kafaɗunsa suna girgiza, hawaye har wuyan rigarsa. Mutumin da ya ce min khalas. Yana ganin na gan shi ya ce, muryarsa kamar ta lokacin da yake kan keken ubansa, "Inna, na ce su jira ni. Kwana ɗaya kawai na roƙa."

Ban san abin da zan yi da shi ba, wallahi. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa shi a gaban mutane ba. Na duba dama da hagu, Turawa ne da Indiyawa da Larabawa, babu wanda ya san wannan ɗan fari ne, babu gwaggon da za ta ce ba ni da kunya. Na ɗora hannuna a kansa na jawo shi kafaɗata. Sai na kira sunansa. Sunan ya yi min nauyi a baki, don ban taɓa furta shi ba. Ya ɗago a firgice kamar an tashe shi daga barci.

Na ce, "Ya tambaye ka da safen. Na ce kana hanya. Ya ce Allah ya yi maka albarka."

Wata biyar ina riƙe da wannan saƙon. Duk ranar da na buɗe baki sai ya ɗauki makulli, ni kuma kunya ta hana ni tsayar da shi.

Aka kunna fitilu, kowa na dariya, mu uku muna kuka a kan ragowar talotalo. 'Yar Ghanan ta ajiye mana tulin ƙyallaye, ta ɗauki ƙullin yajin ta wuce.

Shekara huɗu ke nan. Dariyar da aka yi min alkawari har yau ban yi ba, kukan Malam ma ban daina ba. Sai dai yanzu in muna tare na fara, ɗana ba ya neman makulli, zama yake yi. Abin da na koya shi ne, in ka ga mutum ya matsa maka ka daina kuka, ka dube shi da kyau, wataƙila nasa ne ya rasa inda zai sauke. Kunya kuma ado ce, ban ce a zubar ba, amma kada ta sa uwa ta riƙe wa ɗanta albarkar ubansa wata biyar. Sunan nasa ba zan faɗa a rubuta ba. Shi dai yana jinsa daga bakina duk Juma'a, in ya kira waya.