Mai Likkafani a Bangon Littafi

Farkon zuwan Turawa Sakkwato, ina dukanci a Ƙofar Rini, wani Bature ya aiko in yi wa littafinsa sabon bango da jar fata. Masinjansa ya ce labarun fatalwa ne. A tsohon bangon ga zanen mutum cikin likkafani, tsaye ƙyam.

Na ɓalle bangon, na rasa inda zan kai shi. Matata ta ce ba dai gidanta ba. Ko allura na ɗauka sai na waiwaya. Waɗanne irin mutane ne ke naɗe mamaci su bar shi tsaye?

Na haƙa rami gindin katanga, na kwantar da shi yana fuskantar alƙibla.

Da masinja ya dawo neman tsohon bangon, na ce, "Gaya wa Baturen mun rufa wa mamacin asiri, tunda danginsa sun kasa."