Ranar da Na Kasa Samun Jijiya

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya aka tura mu wani asibiti a Garki, ɗakin mata. Nan na haɗu da wata tsohuwa manomiya da aka kawo daga Orozo, gudawa ta tsotse ta har fatarta ta yi yaushi. Sista mai kula da ɗakin ta ce in sa mata ƙarin ruwa. Na soka allura, ban sami jijiya ba. Na sake, wurin ya kumbura. Sista ta karɓa ta gama.

Na zagaya bayan ɗakin wanki na zauna a kan bokiti. Maganganun da na faɗa wa kaina ranar, ko maƙiyina ba zan faɗa masa ba. Abincin rana ma na ƙi ci. Da na koma ciki, fuskata a ɗaure take, ina gyara gadaje ban kalli kowa ba. Wata mai ciwon suga ta roƙi ruwa sau biyu ban ji ta ba.

Abokiyar karatuna, wata Kirista 'yar Filato, ita ta lura. Ta ja ni baranda, ta buɗe kularta ta gwaten acca, irin faten garinsu, ta ce ba za ta tashi ba sai na ci, don hannun mai jin yunwa ba ya tsayawa. Ina ci ina hawaye, ita kuwa tana ba ni labarin ranar da ta ɓarar da tasar fitsari a ƙafar likita. Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Da yamma tsohuwar ta yafito ni. Hausarta ta kasuwa ce, mace ma "kai" take ce mata.

"'Yata, tun ina yarinya nake tonon doya, har yau fartanya yana yanke min wasu. Gobe kai za ka sa min allura."

Na ce, "To, Mama."

Washegari na karya kafin in fito. Na riƙe hannunta ina tambayarta yadda damina ta yi a gona, sannan na soka allura. A karo na biyu jini ya leƙo cikin robar allurar. Sista ta gyaɗa kai ta wuce gado na gaba.

Ran Alhamis ɗanta, wani bakanike a Apo, ya zo ɗaukarta. Ni na riƙe mata ƙullin kayanta har bakin mota.