Baffa Ndagi da Kilinarsa

Duk wanda ya san Baffa Ndagi a Minna ya san kilinar goge fensir da ke rataye a wuyansa kamar laya. Yayan babana ne, tsohon malamin Turanci, kuma shekara ashirin yana rubuta littafi a kan haruffa biyu kacal, wato "un" ɗin da Turawa ke maƙalawa a goshin kalma.

Da la'asar sai ya kishingiɗa a kujerar malam-na-bacci, ya lumshe ido, ya shiga ba mu labarin yadda haruffan suka biyo jiragen ruwa daga ƙasashen sanyi. Wai asalinsu biyu ne, ɗaya na cewa a'a, ɗaya na kwance abin da aka ƙulla. Na biyun ya fi ƙauna.

Yakan ce mini, "Hauwa, duk abin da ba ya kwantuwa, kar ki ƙulla shi."

Shi ya sa ba ya taɓa biro. Ranar tantance 'yan fansho, akawu ya miƙa masa biro ya sa hannu.

"In na canza ra'ayi fa?"

"Baba, sunanka ne fa kawai!"

"To, shi ɗin."

Dangwale ya yi, ya dawo gida yana dirzar babban yatsa da kilina.

Ragon layyarsa kuwa, da zarge ya ɗaure shi, don kada a takura wa igiya. Ragon ya kwance ya gudu, sai a hanyar Beji aka kamo shi. Matarsa, Inna, tana ta faɗa, shi yana murmushi: "Shekara talatin ina koyarwa, sai yau na samu ɗalibin da ya gane!"

Amma sau ɗaya ya yi rubutu da biro, kuma duk dangi mun sani. Lokacin da babana ya sare mangwaron da mahaifiyarsu ta dasa a Paiko, Baffa ya aika masa wasiƙa: "Babu ni babu kai." Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa. Abin yana ci mini rai, don ni ce ke zaune a gidan ɗaya ina kewar ɗayan.

Da wayar salula ta shigo, na koya masa tura saƙo. Madannin gogewa ya fi burge shi, ya wuni yana rubutawa yana sharewa. Wata rana na leƙa, sai na ga "Usman, ƙanena". Kafin in ƙifta ido ya goge.

"Baffa, ka tura mana!"

"Waccan wasiƙar ba ta gogu ba tukuna."

Da ciwo ya kama shi, ya ce in raka shi tasha. Muka hau motar Paiko. Ya zauna a tabarmar babana, ko ruwa bai sha ba ya ce, "Usman, ɗauko takardar nan." Ashe tana cikin akwati. Baffa ya ciro kilina, ya yi ta dirza. Tawada ta ƙi, takarda ta huje.

"Yaya, ka yaga ta."

"Ta gogu ke nan?"

"Ta gogu," in ji babana, yana share ido da bakin riga.

Bayan wata biyu Baffa ya rasu, littafin bai ƙare ba. Kilinar tana wurin babana, duk ta yi shuɗi.

Ya Allah, bawanka Ndagi ya so gogewa. Ka goge masa kurakuransa tas, Ka haskaka makwancinsa. Amin.