Baba Mai Tarakta, Wanda Ya Hau da Gonar Inna Kan Tudu

Shekara da shekaru, kafin rana ta fito za ka same shi a rumfar kwanon da ke bayan siton ƙungiyar manoma, da tsumma a kafaɗa. Sai ya zagaya taraktar, ya daki kowace taya da ƙafa, ya duba mai, sannan ya dafa mata goshi ya ce, “Tsohuwa, kin tashi lafiya?” Batirinta ya daɗe da mutuwa, shi ya sa kullum a gangare yake ajiye ta. Ya janye dutsen da ya tokare tayar, ya haye, ta gangara shiru kamar ba za ta tashi ba, can sai ta yi tari ta kama. Da wannan tarin matan unguwarmu suke sanin lokacin hura wuta ya yi.

Wannan shi ne Baba Mai Tarakta. A makon jiya ya miƙa makulli, don ciwon baya ya hana shi hawa. Ranar da aka yi masa addu'a a bakin sito ina can baya, ban iya cewa komai ba. Abin da na kasa faɗa ne nake rubutawa.

Sanda nake ƙarama, daga ƙofar gidanmu har bakin rafi gona ce. In aka yi ruwan farko, Baba yana gaba yana huɗa, balbelu suna biye da shi suna tsintar tana. Ƙasar baƙa ce wuluk, mai taushi, ƙamshinta har cikin ɗaki. A wannan kwarin gonar Inna take. Tun da mahaifinmu ya rasu, da ita Inna ta riƙe mu.

To amma ƙasar tamu ba ta da faɗi, mutane kuma kullum ƙaruwa suke. Aka fara da titi, sai gidan mai, sai aka shiga yanka filotai. Kowace damina gonaki sai sun ƙara tsukewa. Baba yakan ce, “Da, sai na gaji da waƙa kafin in kai ƙarshen kunyar gona. Yanzu kafin in gyara zama na iso katangar wani.”

Da aikin huɗa ya yi ƙaranci, ƙungiya ta fara ba magina hayar taraktar. Aka ɗaura mata ƙarfen turi a gaba, tirela a baya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara gonaki, shi aka koma sawa ya share su. Matarsa ta gaya wa Inna cewa a kwanakin nan ko abinci ba ya ci sosai.

Sai abin ya zo kan kwarinmu. Aka ce za a yi gidaje, aka ba masu gonaki wani wurin a kan tudu. Na raka Inna ganin nata rabon. Fako ne da tsakuwa. Ta sara fartanya, fartanyar ta yi ƙara ta dawo mata. Ba ta sake sarawa ba. A hanyar gida ta ce min, “Kawunki ya ce in koma wurinsa birni. In je in zauna a ɗakin wani ina jiran a zubo min. Ni da hannuna lafiya.” A makon ta fara ɗaure kayanta.

Ranar da za a share gonar tata ta je ta tsaya daga gefe. Ɗan kwangila ya nuna wa Baba wani rami ya ce ya tura ƙasar saman duka can, a samu mai tauri ta gini. Mutanen da ke wurin sun ga Baba ya sauko, ya ɗebi ƙasar ya murza a tafinsa.

“Ranka ya daɗe, wannan da za a zubar, a bar min ita mana.”

“Me za ka yi da ƙasa, Baba? Ci za ka yi?”

“Ai ita nake ci tun da aka yaye ni.”

Ɗan kwangilar ya yi dariya ya ce, “Kwashe abinka, in dai ba a lokacin aikina ba.”

Daga ranar, in an tashi aiki da la'asar, Baba ba ya tafiya gida. Sai ya kankare saman gonar a hankali, ya tara, mu da maƙwabta mu loda a tirela da shebur da daro. Ba ya yarda a zurfafa. “In kun ga ta fara ja ku tsaya,” in ji shi, “kun wuce gonar.” Tsohuwa ta riƙa hawa tudu tana nishi, tana juyewa a fakon Inna, tana saukowa. 'Yan zaman bakin titi suka samu abin yi: “Baba, nawa ne kuɗin mota in za a kai gona unguwa?” Sai ya ɗaga musu hannu ya wuce.

Ruwan farko mai ƙarfi ya wanke kusan rabin aikin, ya gangaro da shi hanya. Inna ta ce, “Malam Direba, ka huta haka nan. Allah bai yi ba.”

“A'a, Innar yara, Allah ya yi nasa, ya ba da ruwa. Mu ne ba mu tare ba.”

Ya sa aka tsince duwatsun tudun aka jera su layi-layi a gicciye, ya sake jido ƙasa. Inna ta shuka masara, amma ba ta kwance kayanta ba. Ta ce sai ta gani.

Masara ta tsiro. Ba a jima ba, wata safiya sai ga Inna ta sauko daga tudu da sauri, hannunta cike da ciyawa, ta nufi rumfar tarakta. Na bi ta, don na zaci wani abu ya faru.

“Malam Direba! Kai in za ka yi alheri sai ka haɗo da tsiya? Dubi! Aya-aya! Tun ina amarya nake faɗa da 'yar banzar nan a kwari, shi ne ka ɗauko min ita a mota har tudu?”

Baba ya goge hannu da tsumma ya ce, “To ya zan yi, Innar yara? Na ce ta sauka, ta ce ita ma an tashe ta, ba ta da wurin zuwa.”

Inna ta yi ta dariya har ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta buɗe ba. Da yamma ta kwance kayanta, ta aika wa Kawu cewa noma ya riƙe ta.

Baba, kai ne ka hau da gonar uwata kan tudu, har da ciyawarta. Kai ne ka hana ta zaman jiran kwano. Bayan tata ka kai ta wasu, duk wanda ya roƙa da wanda kunya ta hana shi roƙo. Na san kana cewa abin da ka tsirar bai kai wanda aka binne ba, kuma gaskiya ne. Kwarin nan duk gidaje ne yanzu, kuma ban ga laifin masu su ba, kowa yana son wurin kwana. Amma in mutum ya ɗaga kai da damina, zai ga kore a inda ba a taɓa gani ba. Na gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar bayanka, ya saka maka da Aljanna.

Ku kuma direbobi da magina, da duk mai fili da ke shirin gini, don Allah kafin a haƙa tushe ku kankare baƙar ƙasar nan ku ajiye a gefe. Ba sai kun kai ko'ina ba, ku dai aiko a gaya mana. Akwai wata baiwar Allah kusa da gonar Inna da har yanzu rabonta fako ne. Muna da baro, za mu zo.