Ƙwayar Baba da Tukunyar Inna

Wata Asabar cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, aka yi gayyar maimai a gonar Babanmu da ke bayan Maska. Ni da yayata Hadiza muka ɗauki fura a ka muka kai wa manoma. Mun tarar da maza sun jeru cikin masara, kowa da kunyarsa, amma Baba, wanda kullum shi ke gaba, yana zaune a gindin ɗorawa ya miƙe ƙafafu. Sun kumbura suntum har suna ƙyalli, takalmin robarsa na gefe ya ƙi shiga. Na tsuguna na danna da yatsa, wurin ya lotsa, ya daɗe bai taso ba.

Magana ta yi yawa a unguwa. Wasu suka ce wani abu ya taka a hanyar gona, wasu suka kawo saiwoyi da turare. Ƙanensa, Baffa Sule, bai saurari kowa ba, ya ɗora shi a babur sai asibitin Funtuwa. Suka dawo bayan la'asar da bayani: hawan jini ne, kuma ruwa ya taru masa a jiki. An ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare, an ce za su riƙa sa shi fitsari, ta nan ruwan zai fita. Ya rage gishiri, ya kuma riƙa komawa awo duk wata.

Ƙwayar ba ta yi ƙarya ba. Baba yakan sha da hantsi, sai ka ga jim kaɗan ya ajiye fartanya ya nufi bayan gona, alwala kuwa ba ta zama. Mutum ne mai tsananin kunya, shi ke jan salla idan liman ba ya nan. Ran nan wani saurayi ya ce cikin raha ai gonar Malam Idi, wato Babanmu, ta daina jiran hadari. Aka yi dariya, Baba ya ji. Daga ranar ya bar shan maganin, bai gaya wa kowa ba. Cikin mako biyu kumburi ya kai gwiwa, daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Mu yara muka rage gaɗa da 'yar carafke a tsakar gida, ba wanda ya hana mu.

Inna, mahaifiyarmu, ita ta tsinci ƙwayoyin a aljihun rigarsa wajen wanki. Ba ta ta da murya ba. Ta fara zuwa wurin malamin asibiti na garinmu ta yi tambaya, sannan da safe, muna shara, ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Malam, ga ajiyarka." Ya ce maganin nan yana zubar masa da girma a gaban yara. Ta ce, "Gara a gan ka kana zagayawa da a gan ka bisa makara. An ce ka sha da ka idar da asuba, kafin ka fita ƙarfinsa ya ragu." Ya dube ta, ya dube mu, ya miƙa hannu a ba shi ruwa.

A ranar ta yanke gishiri da ɗanɗano daga miyar gidan gaba ɗaya. Hadiza ta ce a yi wa Baba tasa daban mana. Inna ta ce, "Ba a ware wa mai gida tukunya a gidansa." Ta ƙara daddawa, citta da tafarnuwa, mu kuwa muka riƙa huce haushi a kan rogo da ƙuli a bakin makaranta lokacin tara. Kafin wata ya ƙare bakinmu ya saba. Da kaka ta zo, Baba da kansa ya ja masu karyar masara, ya kuma ga auren dukkanmu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yau ni ma malamar makaranta ce a Funtuwa, kuma likita ya ɗora ni a kan irin wannan ƙwaya. Ina sha da asuba ba fashi, ina zuwa awo, ba na jin nauyin kowa idan na nemi a riƙe mini aji na minti biyar. Magani ya wadata, bayani ya wadata. Sai dai miyata a ƙaramar tukunya ake yin ta, 'ya'yana suna cin tasu a gaban talabijin. Lafiya na samu kamar yadda Baba ya samu, amma shi bai taɓa cin tasa shi kaɗai ba.