Kunnen Na'Allah Mai Randuna

Shekara goma sha tara na yi ina sayar da tabarmi a rumfar da ke jingine da ta Na'Allah, daga cikin Ƙofar Kware ta birnin Sakkwato, gindin wata kurna da awaki suka hana ta sakat. Saboda haka in na ce na san shi, ba a bakin mutane na ji ba. Na san tarinsa, na san rowarsa ta goro, na kuma san ranar da ya fi jin kunya a duniya, don ina zaune a wurin.

Kayan gida yake sayarwa: randuna, tuluna, tukwanen tuwo da na miya, akussa, ƙore, har muciya da maburgi. Bai taɓa sha'awar komawa babbar kasuwa ba, wai hayaniya ta yi yawa, mutum ba ya jin tukunya. Gaskiyarsa, don shi da kunne yake cin abinci. In maginan tukwane suka sauke kaya daga jakai, sai ya bi su ɗai-ɗai, ya ɗaga kowace tukunya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya karkata kai kamar kaza tana kallon shaho. Mai lafiya takan yi ƙara siririya mai daɗewa. Wadda ta tsage, ko da tsagar ba ta kai gashi kauri ba, sai ta yi wani ɗif ta yi shiru. In ta yi masa, kalma biyu yake faɗi: ta amsa. Daga nan ba mai sake duba kayan, ko da daga Wurno aka aiko.

Kimanin shekara goma da shigowar Turawa gari, fatake suka fara kawo kwanoni masu fure daga Kano. Na'Allah ya ɗauki 'yan kaɗan ya jera a gefe don kada a ce ya tsufa, amma bai taɓa sonsu ba. Ya ƙwanƙwasa guda shida a gabana, duk ƙararsu ɗaya, ya ce abin da ba ya bambanta mai kirki da na banza ba kaya ba ne. Na ce masa kishi ne kawai. Ciniki dai bai ragu ba, tunda kwano ba ya sanyaya ruwa, kuma a zafin Sakkwato amarya za ta iya haƙura da fure amma ba za ta haƙura da randa ba. Yana da gero a rumbu, yana da rigar Juma'a, matarsa Tasalla tana dama masa fura mai kauri. Ban taɓa jin ya nemi fiye da haka ba.

Wata damina masassara ta kwantar da shi mako uku. Da ya tashi, sai na lura in na kira shi sai na maimaita. Magana mai ƙarfi yana ji, amma kiran sallar ladanin unguwa ba ya ji, sai ya ga mun miƙe sannan ya miƙe. Duk da haka bai fasa ƙwanƙwasa ba, bai fasa karkata kai ba, bai fasa cewa ta amsa ba. Na gane yana dogara da ido ne da sanin hannun kowane magini. Na yi shiru, kuma har yau ina ganin laifina a nan. Tausayinsa nake ji, don na san in aka ce kunnen Na'Allah ya tafi, rumfar ma ta tafi.

Sai Inna Atika ta zo. Tsohuwa ce daga gidan mahauta, wadda ta aurar da 'yan mata huɗu na gidansu, kuma duk randar da ta shiga ɗakinsu daga hannun Na'Allah ta fito. A gidansu al'ada ce, ranar jere gwaggon amarya ita ke cika randa da hannunta, ba a taɓa ruwan sai ango ya fara sha. Wannan karon ɗiyar ƙanenta Ni'imatu ce za ta tare. Na'Allah ya zaɓo wata babba ja, ya buga, ya ce ta amsa. Ni ina can ina auna wa wani tabarma, ban saurara ba.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, lokacin da ƙofa ta cika da masu shigowa, sai ga Inna Atika ɗauke da randar a kanta, ita da kanta, da tsufanta. Ashe gari na wayewa aka tarar ruwan ya tsiyaye, sabon daɓen ɗakin ya koma laka, tabarmin amarya sun jiƙe, dangin ango suna ta ƙus-ƙus cewa gidan mahauta sun kawo fasasshen kaya. Ta sauke randar a gabansa a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, sai dai ta matso kusa.

"Na'Allah, buga ta mu jiya."

Ya buga. Daga rumfata na ji ɗif ɗin nan, mai gishirin da ke gefenmu ma ya ji, har wani Bafillace da ke wucewa da sanda ya waiwayo. Hanyar fita a buɗe take: ya ce a wajen ɗauka aka gwara ta, ba mai iya musa masa. Ya daɗe da kai a karkace. Sannan ya miƙe wuyansa.

"Inna, ban ji komi ba. Tun damana ba ni ji. Laihina na, ba na mai ɗauka ba."

Ya ba ta wata randar, ta ce a bari tukuna, ta tafi hannu wofi. Shi kuma ya ja asabari ya rufe rumfa tun azahar ba ta yi ba.

Kwana uku bai fito ba, sai na bi shi gida. Na same shi a zaure ya rame. Ya ce ya yanke shawara, kwanoni kawai zai riƙa sayarwa tunda su ba su buƙatar kunne, ko kuma ya koma gonar yayansa a fadama. Ina ta lallashi da ihu, sai Tasalla ta turo ƙwaryar kunu ta bakin ƙofa, ta tsaya daga ciki ta ce in gaya masa, su mata da Allah bai ba su kunnensa ba, tun kakanninsu ruwa suke zuba wa tukunya su jira su gani. Na faɗa masa a kunne. Ya harari ƙofar ya ce mace ba ta san sana'a ba, ya shanye kunun tas.

Ranar Asabar na tarar ya riga ni fitowa. Ya baza yashi busasshe a gaban rumfa, ya jera randuna a kai, yana ta jido daga rijiyar masallaci. Kowace randa sai ta yi yini da kwana da ruwa kafin ya sayar. Sabuwar randa takan yi gumi, wannan ba aibu ba ne, shi ke sanyaya ruwa. Amma mai yoyo, yashi ne ke tona mata asiri. Wahala ce ƙwarai, kafaɗarsa har ta yi kanta, kuma wasu tsofaffin masu saye sun koma kasuwa ba su dawo ba. Sai dai rumfar ta zama wurin da ruwa ya fi sanyi a duk ƙofar. Masu jakai da masu koro shanu suka riƙa tsayawa su sha, wani ya ɗanɗana wannan ya ɗanɗana waccan, ya koma ƙauye da wadda ta yi masa. Ni ma tabarmina sun ci albarkaci, ba zan ɓoye ba.

Inna Atika kuwa shekara biyu tana wuce mu, ta gaishe ni, ta gaishe shi, ba ta tsaya ba. Wannan ya fi komai ci masa rai. Sai da auren autar gidansu ya taso ta zo. Ta durƙusa ta cusa hannu cikin yashin da ke ƙarƙashin wata randa, ta fito da shi a bushe. Na'Allah ya juye ruwan, ya goge randar, ya ɗaga zai miƙa mata, sai hannunsa ya riga shi, ya ƙwanƙwasa kamar yadda ya saba shekara talatin. Ƙarar ta fita siririya, ta daɗe. Shi bai ji ba. Ya tsaya da randar a hannu yana kallon fuskar tsohuwar.

Inna Atika ta matso har bakinta ya kusa taɓa hularsa.

"Ta amsa, Na'Allah."