Rigar Da Aka Ce Ta Roƙi Ruwa

A shekarar da soja suka shirya miƙa mulki ga farar hula karo na farko, ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, kuma hutun damina ya same ni a gidanmu da ke unguwar Yakasai ba ni da abin yi. Garin kuwa ba a zaune yake ba. Motoci masu lasifika suna ratsa tituna tun hantsi, kowace da waƙar jam'iyyarta, mutane kuma sun koyi karanta tufafin juna kamar jarida: launin hularka da yadda ka karya ta sun isa a san inda ka dosa. Ni ma na kasa zama. Nakan fita bayan karin kumallo in bi lunguna har kasuwar Kurmi, in dawo, in sake fita, ban san abin da nake nema ba.

A irin wannan yawo na gamu da wani tela. Bai girme ni da fiye da shekara biyar ba. Wani Alhaji dattijo a Jakara ya ara masa zauren gidansa na waje, saboda sanayya da marigayi mahaifin telan, wanda baduku ne. Da wannan aron zaure da keken ɗinki guda yake riƙe mahaifiyarsa. Aikinsa na kullum kaftani ne da 'yar shara, kamar na kowane tela. Amma a bangon ciki, bayan wani labule, ya rataye riguna da babu wanda ya ba shi aikinsu. Baƙin yadi ne da ya kai marina da kansa. Ya yanka wuyan wata a karkace, ya dasa wa wata zif har uku a inda babu aljihu, ya liƙa guntayen jar fata da suka rage cikin kayan mahaifinsa, ya bi su da ƙusoshin tagulla. Bakin rigunan bai kalmashe ba, zare yana reto.

Ya nuna mini inda abin ya samo asali: shafukan wata mujallar Ingila da ya tsinta cikin dilar gwanjo. Samari ne da gashi a tsaye kamar zankon zakara, rigunansu a yage, an haɗe su da fil.

"Waɗannan mahaukata ne?" na tambaye shi.

"Fushi suke yi, ɗan boko," in ji shi. "Dubi ɗinkin, ba su ɓoye komai ba. Ni tun ranar da aka koya mini riƙe allura magana ɗaya nake ji: ɓoye ɗinki, ɓoye ɗinki. Inda na fi shan wahala, nan ne ido ba zai taɓa gani ba."

Ban taɓa jin mai sana'a ya yi magana haka ba. Daga ranar na mai da zauren wurin zamana. Tun ina firamare nake da ɗabi'ar rubuta abin da na gani a littafi, da rana da wuri, domin na lura mutane suna sauya labari idan ya kwana biyu. Na zana rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta abin da ya faɗa a kan kowace. A ganina na lokacin, idan ƙasa za ta zaɓi shugabanninta, ba laifi ba ne mutum ya zaɓi inda ɗinkin rigarsa zai fuskanta.

Na matsa masa har ya ɗinka mini tawa. Baƙa ce, iya gwiwa, kuma duk haɗin ɗinkinta a waje yake, ya bi shi da jan zare, gefen yadin ya tashi kamar kunya a gona. Da zai miƙa mini sai ya riƙe ta tukuna.

"Ka ajiye ta sai ka koma kwaleji. Can 'yan boko ne, sai dai su yi maka dariya. Kada ka sa ta cikin gari."

Na rubuta wannan gargaɗi a littafina da hannuna. Bayan kwana uku na saɓa shi.

Lokacin malka ne, ruwa ba ya tsallake rana. Katangun ƙasa sun jiƙa har sun gaji, indararo ba ya hutawa, kowane gida da daro a ƙarƙashin yoyo. A Madabo bangon ɗakin gwaggona ya zube, aka aike ni in yi mata jaje. Na sa rigar na fita. Tun daga bakin lungunmu ake bi na da kallo, ni kuwa ina ƙara miƙe wuya, na ɗauka sha'awa ce. Sai da na iso inda maza suke kwashe ƙasar bangon, wata tsohuwa mai ƙosai ta ajiye matsaminta ta dube ni.

"Kai yaro, ruwan bai ishe ka ba? Sai ka ga mun kwana a titi?"

Nan take na gane. Idan fari ya yi tsanani akan fita filin idi roƙon ruwa, kuma bayan salla liman yakan juya rigarsa cikinta ya koma waje, jama'a su bi shi, da fatan Allah Ya juya musu hali. Na san wannan, na taɓa yi ina yaro a gefen mahaifina. Amma mako uku ina kallon ɗinki a waje ban tuna ba ko sau ɗaya. Ga mutanen da ke tsaye cikin ɓaraguzan ɗakinsu, ni saurayi ne da ya juya riga a tsakiyar malka: ko dai ina roƙon ƙarin ruwa, ko ina wasa da ibada.

Ba a sha wahalar gano telan ba. Washegari bayan la'asar Alhaji ya kira mu zauren, ya gayyato limamin unguwa, wasu dattawa uku suka biyo shi. An ce in zo da rigar. Na zo da ita a jikina, domin na yi imani gaskiya tana wurina, kuma na kwana da hujjoji huɗu a rubuce.

Telan yana tsugune kusa da kekensa, kansa a ƙasa. Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Na ba ka wurin nan don ka nemi halali, saboda mahaifinka. Yanzu ana nuna gidana ana cewa a nan ake ɗinka wa yara rigar izgili. Me zan ce wa mutane?"

Na nemi izini, na buɗe littafina. Na karanta cewa rigar ba a juye take ba, haka aka ɗinka ta. Cewa aljihunta da maɓallanta suna waje kamar na kowace riga. Cewa ayyuka da niyya suke. Cewa ni na roƙi a ɗinka, kuma an gargaɗe ni. Liman ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu.

"Karatunka ya yi kyau, malam ƙarami," in ji shi. "Sai dai matar da ɗakinta ya faɗi ba za ta tsaya neman inda aljihunka yake ba."

Dattawan suka yi 'yar dariya. Wannan dariya ce ta tunzura ni.

"Allah gafarta Malam, bari ku gani da idonku!"

Na tuɓe rigar, na juya ta, na mayar jikina, domin in nuna musu cewa a hakan ne ma take zama juyayya, maɓallai suna ciki. Sai da na gama na ɗaga kai na dube su.

"Subhanallahi," wani dattijo ya ce a hankali. "Ga shi ya juya ta a gabanmu."

Bai rufe baki ba ruwa ya kece. Ina so a san wannan, domin yana nan a littafina: hadari ya haɗu tun azahar, kuma kwana tara ke nan ana ruwa kusan a wannan lokaci. Babu wanda ya tambaye ni. Alhaji ya miƙe, ya karkaɗe babbar rigarsa, ya ce wa telan ya kwashe kayansa kafin Juma'a.

A lokacin ne telan ya ɗago kai.

"Baba, a yi mini haƙuri kaɗan. Ɗan boko, ba ni rigar."

Na ba shi, na tsaya daga ni sai singileti. Ruwa ya hana kowa fita, don haka duk suka koma suka zauna suna kallonsa. Ya ɗauki reza ya bi jan zaren nan yana farkewa, tun daga kafaɗa har ƙasa, bai yi gaggawa ba, bai kuma ji wa yadin ciwo ko sau ɗaya ba. Ya shimfiɗa ɓangarorin, ya haɗa su fuska da fuska, ya hau keke. Na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na je bakin ƙofa, feshi ya koro ni, na dawo, na sake komawa. Ƙarar keken da ta ruwan suka haɗu har ba a jin tarin dattawan. Ya kalmashe bakin, ya gyara wuyan, ya datse zaren da haƙori.

Liman ya karɓa, ya kai ta kusa da idonsa, ya bi haɗin da babban yatsa.

"Alhaji, yaron nan yana da hannu. Ko ɗinkin ba a gani."

Alhaji ya daɗe yana duban labulen da ke bangon ciki. Ashe ya san da rigunan da ke bayansa tuntuni.

"Na bayan can fa?"

"Su ma zan farke su, Baba."

"To, ka zauna."

Da ruwa ya tsagaita suka fita ɗaya bayan ɗaya suna tattare riguna. Har yau, bayan shekaru masu yawa ina koyarwa, ban sauya ra'ayi ba: an hukunta shi a kan abin da bai yi ba, kuma ni na jawo masa. Amma a ranar rabin farko kawai na iya gani. Na ce wa telan bai kamata ya yarda ba, gaskiya tana wurinmu, kuma zan rubuta takarda.

Ya miƙo mini rigar, baƙa, santsi, irin wadda kowa zai iya sawa zuwa masallaci.

"Ka rubuta," in ji shi. "Kai hutunka zai ƙare ka koma kwaleji. Ni ina zan kai keken?"

Ya jawo wani farin yadi na kaftanin da aka ba shi tun makon jiya, ya ɗauki alli, ya ce in matsa daga ƙofa ina tare masa haske.